Shekarar da Aka Nemi Shugaba Aka Rasa

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata gardama da kuke yi da 'ya'yan Sista Rifkatu duk sanda sallah ko Kirsimeti ta haɗa ku a falon nan. Ku ku ce babanku ne ya hana a kore mu daga wannan bene, su su ce uwarsu ce. Da Turanci kuke yi, kuna zaton ba na ji. Ina ji sarai. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma kunnena bai taɓa cin amanata ba, kuma rabin abin da ya faru a gaban murhuna aka yi shi. To bari in shimfiɗa muku yadda aka yi, tun hannuna yana iya riƙe biro.

A lokacin mun daɗe a hawa na tara na wannan dogon bene da ke yammacin Alexandria a Amurka. Babanku yana aikin fassara labarai da karanta su a sashen Hausa na gidan rediyo a Washington, ya hau jirgin ƙasa da sassafe, ya dawo da la'asar da jarida a hammata. Ni kuwa kun san hali, fita ba ta dame ni ba. Duniyata daga kicin take zuwa ɗakin injin wanki da ke ƙasa, amma a wannan ɗan tsakanin na san Habashawan hawa na huɗu, na san 'yan Afganistan na hawa na shida, na san matan ƙasar Salbado masu fita aikin shara tun duhu, na san wadda ta haihu da wadda mijinta ya rasa aiki. Benen tsoho ne, lif ɗinsa sai ya ga dama yake tafiya, famfo yana ɗiga, amma hayarsa talaka yana iya biya, makarantar yara tana kusa, bas yana tsayawa a bakin ƙofa. Sai wani sabon kamfani ya saye shi. Aka zura wa kowa sanarwa ta ƙarƙashin ƙofa cewa za su kwashe mu duka, su gyara ginin, su mayar da shi gidan masu hali, kuma duk wanda wa'adin hayarsa ya cika ba za a sabunta masa ba. Abu ɗaya ya rage mana: ba za su taɓa ginin ba sai majalisar gari ta ba su izini, ita kuwa majalisa ba ta yanke hukunci sai ta saurari jama'a.

Taron farko a falona aka yi. Mutane har kan hannun kujera, wasu a tsaye a baranda, na soya ƙosai har mai ya ƙare. Ranar baki ɗaya muke, har na ce a raina wannan kamfani ya taro wa kansa. Ashe ban san abin da ke tafe ba. Wani bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce ya kamata a zaɓi shugaba, daga nan fa abu ya lalace. Babanku yana ganin ai maganar ba ta ma taso ba, mutumin da ake jin muryarsa daga Agadas har Garwa, wa kuma za a nema? Ita kuma Sista Rifkatu, nas ce 'yar Pankshin, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ita ce ta riƙa bin ƙofa ƙofa bayan ta tashi daga aiki tana tara mutane, kuma ta san yadda ofisoshin ƙasar nan suke tafiya fiye da kowa a cikinmu. Babanku ya miƙe ya gyara babbar riga ya fara jawabi tun daga tarihin unguwar. Ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, can sai ta katse shi.

"Malam, da girmanka, mu fa ba labarun duniya muka zo saurara ba. Gida za a raba mu da shi."

"Sista, nan ba ɗakin marasa lafiya ba ne da za ki ce wa mutum buɗe baki, rufe baki."

"To ai gara ɗakin marasa lafiya, can idan an yi magana ana bin ta da magani."

Aka yi dariya, kuma dariyar nan ita ta ƙona wa babanku rai fiye da maganar. Kafin mako ya zagayo ƙungiya ta zama biyu. Tasa ana ce mata Majalisar Mazauna, suna sa koriyar riga. Tata Haɗin Kan 'Yan Haya, suna sa ruwan ɗorawa. Kada wani ya gaya muku addini ne ya raba su. Dattijon coci ɗan Kafanchan ne mataimakin babanku, wani alaramma ɗan Damagaram kuma shi ne na hannun daman Sista. Kujera ce kawai, kujerar da ko albashi ba ta da shi. Idan waɗannan suka manna sanarwar taronsu a cikin lif da safe, kafin azahar waɗancan sun manna tasu a kai, har bangon lif ya yi kauri.

Ranar zaman majalisa na farko na daure na bi su, na zauna can baya. A wurin nan kowa lokaci ake yanka masa ɗan ƙarami, ga fitila a gaban mai magana, tana farawa da kore, ta koma ɗorawa, in ta yi ja sai a kashe makirfo ko kai wane ne. Aka kira babanku. Ya tashi cikin shadda tana ƙyalli, ya yi abin da duk ɗan asali zai yi a gaban manya: ya gai da magajin gari, ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya da sunansu da muƙaminsu, ya tambayi iyalansu, ya yi wa ƙasar godiya da ta karɓe mu, ya yi addu'ar zaman lafiya, sannan ya shiga bayanin cewa shi ne halastaccen shugaban mazauna benen, idan an ji wani ya ce ba haka ba kada a saurare shi. Ya buɗe baki ke nan zai ambaci korar, fitila ta yi ja. Wata 'yar siririyar mata ta ce masa an gode. Ya tsaya yana magana da makirfon da ya mutu. Sai aka kira Sista, na ce to alhamdu lillahi, ita za ta gyara. Ina! Duk lokacinta ta ƙarar wajen bayyana cewa mutumin da ya sauka yanzu ba da yawunsu ya yi magana ba. Lauyan kamfani, wani dogo mai murmushin da ba ya kaiwa ido, ya tashi a natse ya ce su a shirye suke su tattauna, amma da wa? Mutanen nan ko junansu ba su yarda da shi ba. Majalisa ta ɗage maganar zuwa wani zama bayan wasu watanni.

Daga ranar mutane suka fara sarewa. Habashawan hawa na huɗu, waɗanda matar gidansu ke kawo mini gahawa duk sanda ta gasa, suka ɗaure kaya suka koma wani gari mai nisa, yaransu suna kuka a bakin mota. Shi kuwa dogon lauya sai ya shiga gayyatar shugabannin biyu shan shayi, kowa ranarsa daban, kowa ya ce masa kai ne shugaba na gaskiya, da kai kaɗai muke son magana. Babanku ya dawo daga shayin nan fuska tana sheƙi, yana ce mini a ƙarshe an gane wane ne wane. Na dube shi na koma kicin.

A nan ne Mama Lin ta shigo labarin. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin da ke hawa na biyu, siririya kamar tsinken tsintsiya. Mijinta ya yi aiki shekara da shekaru a wata masana'antar kwano a Bompai ta Kano, ita kuma ta koyi Hausa a bakin matan kasuwar Sabon Gari, shi ya sa kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Kullum da safe za ka gan ta a bayan bene gefen motoci tana wani motsi a hankali, kamar mai iyo a cikin iska. Wata rana da hantsi ta same ni a ɗakin wanki na zuba wa injin ido.

"Maman Nafi, fuska naka ya yi tsami. Miji ne?"

"Miji ne, bene ne, duka ne, Mama."

"Tashi. Kawo hannu. Tura ni."

Ta kafa tafin hannunta a nawa. Na tura, ta tura, muka tsaya cik kamar raguna biyu.

"Ka gani? Kai ƙarfi, ni ƙarfi. Wa ya tafi? Babu. Sake."

Na sake turawa da iyakar ƙarfina, don na fara jin haushi. Wannan karon ba ta tare ni ba, ta ɗan juya ƙugu kawai, sai ga ni na wuce fuu na rungumi injin busar da kaya. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ni ma na biye mata, rabon da in yi dariya har na manta. Da muka zauna sai ta ce mini mahaifinta yana bin wata tsohuwar koyarwa ta ƙasarsu da ake kira Tao, ma'anarta hanya. Na ce mata ni fa Musulma ce. Ta ce ita ba ta ce in bar salla ba. Ta ce abin da ta riƙe daga wurin tsohonta shi ne, duk wanda ya miƙe ya kumbura don a gan shi, ya ba abokin faɗansa wurin kamawa ke nan.

"Kamfani yana neman kai ɗaya ya kama. Ku kun ba shi biyu, kyauta. Je ka duba banɗaki nawa. Ruwa yana ɗiga daga sama. Ruwan nan yana da shugaba? Yana da riga? Ya yi taro? Ƙasa kawai yake nema, ba ya jira a tafa masa. Amma ya cinye silin duka."

Na hau sama ina juya maganar. Ban ji ta baƙuwa ba, don malamanmu ma suna gargaɗi a kan aikin da aka yi don idon mutane. Bambancin kawai, su suna faɗa mana abin da zai jawo a lahira, ita kuma ta nuna mini abin da yake jawowa tun a nan, da ƙuguna da ya bugu. To amma ni me zan yi? Ban iya jawabi ba, ban san ofis ba. Abu ɗaya na iya, shi ne ciyayya. Ku da kuka tashi a nan ba ku san ta ba. A unguwarmu a Kano, idan maƙwabciya ta aiko miki da kwanon abinci, kwanon nan ba ya komawa wayam, sai kin zuba wani abu a ciki, ko da ƙuli-ƙuli ne. Kuma wadda ta karɓi kwanonki ba ta da bakin wuce ki a hanya ba gaisuwa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewa, na zuba a babbar langata mai murfi, na ɗauka da kaina na sauka hawa na bakwai na ƙwanƙwasa ƙofar Sista Rifkatu. Ta buɗe da kayan aiki a jikinta, ta dube ni, ta dubi langar.

"Mama, Malam ne ya aiko ki?"

"Tuwo ne ya aiko ni. Karɓi, hannuna yana ƙonewa."

Ta karɓa. 'Yar arewa ce, ta san doka. Washegari langata ta dawo cike da gwaten acca, da yakuwa da gauta, yana ƙamshi. Na ajiye a tebur. Babanku ya dawo, ya ɗaga murfi, ya tsaya. A duk benen mutum ɗaya ce ke irin wannan gwate.

"Wannan daga ina?"

"Daga hawa na bakwai."

"Abincin gidana kika kai wa masu neman tozarta ni?"

"Maƙwabciya na kai wa, Malam. Kuma tunda maganar ta taso, falon nan daga yau ko kowa ya shigo ko kada kowa ya shigo. Na gaji da soya ƙosai don a ci a zagi mutane."

Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Bai ɗaga murya ba, kun san ba halinsa ba ne. Ya mayar da murfin a hankali, ya shiga ɗaki. Daga ranar ya daina cin abincina. Ya riƙa sayo wani busasshen burodi da ganye a hanya, ya zauna a tebur ɗin da na jera masa tuwo yana tauna shi kamar magani. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Makonni aka yi haka. Matan 'yan koriyar riga suka daina amsa sallamata a lif, wata har ta ce a bayana, da ƙarfi don in ji, wai munafuncin cikin gida ya fi na waje ciwo. Na sha kuka a kicin, famfo a buɗe don kada a ji. Sau da yawa na ɗauki mayafi zan je in ba shi haƙuri in janye, sai in tuna yaran Habashawan nan a bakin mota, in ajiye.

Amma kwano ya riga ya kama hanya. Na kai wa 'yar Afganistan, ya dawo da shinkafa mai karas da zabibi. Na raba shinkafar biyu na tura wa matan Salbado, suka maido da wata waina tasu mai wake a ciki. Na kai wa masu kore, na kai wa masu ɗorawa, ban ce wa kowa komai game da taro ba. Abin dariya, kwanukan suka rikice. Langata ta kwana a gidan da ban taɓa shiga ba, ni kuma na wayi gari da tukunyar wata 'yar Gana a kicin. Mata suka shiga bin ƙofofi neman kwanukansu, wadda ta je nema kuma sai an ce ta zauna, in ta zauna sai hira, hirar kuwa ɗaya ce a bakin kowa: in an kore mu ina za mu? A ƙarshe muka ga ya fi sauƙi kowa ta sauko da kwanon da ba nata ba ɗakin wanki ranar Asabar a yi musaya. Haka taronmu ya samu, ba suna, ba riga. Da Turancinmu na kasuwa da nuni da hannu kowa ta faɗi abin da tashin zai jawo mata. Wata ɗanta yana makarantar masu buƙata ta musamman da ya saba da ita, wata ba ta tuƙi, bas ɗin ƙofa shi ne ƙafarta. Maza suka fara leƙowa da sunan sun zo ɗaukar wanki. Wata rana wata ta ce ya kamata mu ma mu zaɓi shugaba. Wasu suka juyo suna kallona, kuma ba zan ɓoye muku ba, kallon ya yi mini daɗi. Mama Lin tana ninke tawul, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa yake da wanki a inji na ƙarshe? Ya bushe tuntuni, zai ƙone."

Aka kwashe da dariya, maganar ta bi iska. Muka tsaya a kan cewa a zama na gaba kowa zai je da sunansa, da kayan jikinsa na kullum, ya faɗi abin da ya shafe shi shi kaɗai. Gaisuwa kalma ɗaya. Don mu saba da fitilar nan, sai mu ɗora ƙwai a wuta, mutum ya fara magana, in bai gama ba kafin a tsame ƙwan, to ya faɗi jarrabawa. Mun ci ƙwai a watan nan har ya fita ranmu. Sista Rifkatu da kanta ta fara saukowa, ta zauna a gefe tana sauraro, wata rana na ga ta zo ba rigar ɗorawa.

Saura matsala ɗaya, Inna Hadiza. Tsohuwa ce 'yar Maraɗi a hawa na shida, idonta ya yi rauni, ɗanta direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki bai kwana gida ba. Ta kafe sai ta yi magana, ga shi ba ta jin Turanci ko na gaisuwa. An samo wa sauran masu fassara, Hausa ce aka rasa. Sista ta ce za ta yi, Inna ta ce a'a, ta san wanda take so. Ni ban aike ta ba, Allah ne shaidata. Wata Asabar da hantsi sai ga ta tana laluben ƙofarmu da sandarta. Babanku ya taso da sauri ya zaunar da ita.

"Ɗana, tun ina Maraɗi nake jin muryarka kana juya maganar manyan duniya zuwa Hausa. Yau ga maganar tsohuwa, ka juya mini ita zuwa Nasaranci."

"Inna, ai kada ki wahalar da kanki. Ni zan yi magana a madadin kowa."

"Ni ban ce ka yi a madadina ba. Bakina yana nan, haƙora ne kawai suka tafi. Aron harshe na zo."

Ya dubi carbinsa. Wa zai ce wa tsohuwa a'a a cikin falonsa?

"To, Inna. Allah ya kai mu."

Ranar zama na biyu bas bai ɗauke mu duka ba, sai da wasu suka jira na baya. Muka cika zauren, ba kore ba ɗorawa, sai babanku kaɗai da mataimakinsa da suka maƙala ɗan ƙyalle kore a aljihu. Dogon lauya yana gaba da hotunan bangon lif ɗinmu, ya shirya tsaf zai nuna yadda muke cin naman juna. Aka fara kira. Mai ɗa a makaranta ta faɗi nata ta zauna. Mai bas ta faɗi nata. Wani tsohon Bahabashe ya faɗi nasa. Babu wanda fitila ta kama. Sai aka kira Inna Hadiza. Sista ta riƙo hannunta har gaban makirfo, babanku ya tsaya a gefenta, ɗan baya kaɗan, yadda masu fassara ke tsayawa. Inna ta ce ita tsohuwa ce, ba ta gani sosai, amma ta san benen nan da hanci, ta san kowane hawa da ƙamshin girkinsa. Ta ce kullum bayan asuba tana buga bango da ludayi, 'yar Afganistan da ke maƙwabtaka da ita ta buga mata amsa. Ba sa jin yaren juna, amma ranar da ba a ji ludayinta ba, ranar da ta faɗi a banɗaki, kafin rana ta ɗaga an ɓalle ƙofarta an kai ta asibiti.

"Ku tambaye su, a sabon wurin da za su kai ni, wa ya san ƙarar ludayina?"

Babanku yana bin ta jimla jimla. Muryar nan da ya saba ɗaukar maganar shugabannin ƙasashe da ita, yau ita ce ke cewa ni tsohuwa ce, ni ba na gani, ni na faɗi. Ko sau ɗaya bai ambaci sunansa ba. Da ya zo kan tambayar ƙarshe muryar ta karye, amma ya ƙarasa. Ban taɓa jin ya yi aikinsa da kyau irin na ranar ba. Na ga wata 'yar majalisa ta cire tabarau. Suna komawa wurin zama aka kira sunansa, don shi ma ya yi rajista. Ya miƙe, ga jawabinsa a aljihu, na san ya yi kwanaki yana gyara shi. Ya dubi Inna, ya dubi mu.

"Abin da na zo faɗa an riga an faɗe shi. Na gode."

Ya zauna. Aka kira Sista. Daga inda take ta ce ita ma haka. Lauyan ya tashi da hotunansa, ya fara bayanin ƙungiyoyi biyu masu gaba da juna, sai magajin gari ya tambaye shi waɗanne ƙungiyoyi yake nufi, shi dai maƙwabta ya gani. Mutumin ya waiwaya yana neman kore da ɗorawa, ya juya hotunan, ya sake waiwayawa. Na tuna yadda na rungumi injin nan, na toshe baki da mayafi.

Majalisa ta ba su izinin gyara, amma da sharaɗi: hawa hawa za a yi, ba a fitar da kowa, kuma duk wanda ke ciki yana da damar sabunta hayarsa ba tare da an ɗora masa abin da zai kore shi ba. Da aka fassara mini ban san sanda na miƙe na rangaɗa guɗa ba, irin ta gidan biki, har mai gadi ya zabura ya dafa ƙugu. Habashawa suka amsa da tasu. Waɗanda suka riga suka tashi ba su dawo ba, wannan ciwon yana nan har yau, kuma gardamar kujera ce ta jawo shi. Amma sauranmu mun tsira da gidajenmu.

A baranda lauyan ya tare mu, murmushin ya tafi. Ya ce dole a zauna a tsara yadda gyaran zai gudana, wane ne shugaba? Babanku ya nuna Sista.

"Ga ta nan. Ita ta tara mutane tun farko."

"A'a, Malam, ka rufa mini asiri. Kai ne babba, kai ka iya magana."

"Na ce ke ce."

"Ni kuma na ce kai ne. Kullum sai ka ja da ni?"

Nan suka tsaya suna sabuwar rigima, kowa yana tura wa ɗan'uwansa kujera, mutumin yana bin su da ido. Wata daga cikin matan Salbado ta gaji ta ce masa idan yana son magana ya zo ɗakin wanki ranar Asabar, zai sami wanda ya samu. A bas muna komawa, babanku yana gefena yana kallon taga. Mun yi nisa kafin ya yi gyaran murya, bai juyo ba.

"Me aka dafa yau?"

"Ban dafa ba, Malam. Amma ba a rasa ba."

Ranar Asabar lauyan ya zo, da kwat da jaka, ya tsaya tsakanin injuna suna ruri yana neman teburin manya. Babu tebur, babu kujera. Aka kifa masa kwandon wanki ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ciro biro ya tambaya daga ina za a fara. Mata suka haɗa baki, kowa da yarenta, cewa a fara da lif, domin Inna ta daina hawa matakala. Ya rubuta. Litinin da safe ina shanya a baranda na hango motar masu gyara ta tsaya a ƙofa.